Haruffan Shagunan Sokode da Dapaong

Wanda ya bi babbar hanyar da ta taso daga Lome ta nufi Burkina Faso, idan ya shiga Sokode, ya daure ya sassauta tafiya ya kalli goshin shaguna. A shagon mai aski zai ga "Coiffure" an ja jelar harafin ƙarshe ta zama almakashi. A wurin tela kuwa haruffan sirara ne dogaye, da zare a saƙale. Duk aikin hannu ne.

Ni ɗan tela ne, a zango na tashi, don haka na sha tsayawa kan mai fenti yana aiki. Da alli yake fara ja wa allon layi biyu. Sai ya shafe shi da launin ƙasa, ya jira ya bushe, sannan ya ɗauko ƙaramin burushi. Inuwar harafi ce ƙarshe, ja ko baƙi, kullum a gefe guda, ita ce ke sa rubutun ya kumburo ya fito. Idan wuri ya ƙure masa sai ya matse haruffan ƙarshe, su hau kan juna. Wasu na ganin wannan aibi ne. Ni kuwa da shi nake gane hannun kowane mai fenti tun daga nesa.

A Dapaong, can arewa kusa da iyaka, akwai masu saye da yawa da ke shigowa kasuwa daga ƙauyukan Moba, kuma ba kowa ke karanta Faransanci ba. Shi ya sa harafi da hoto ke tafiya tare: kan zabuwa a jikin sunan mai gashin nama, taya a madadin O wurin mai faci.

Yanzu banar leda da na'ura ke bugawa ta fi sauri, amma ta mayar da shaguna kamar 'yan gida ɗaya. Ga kuma wata matsala. Samfuran haruffan ado da yawa na kwamfuta ba su da ƙ, ɗ da ɓ namu, balle ɖ da ɛ na harshen Kotokoli. Sai ka ga akwati ya fito a tsakiyar kalma. Burushi bai san wannan ba.

A Legas an riga an nuna hanya. Masu zanen Afrotype sun ɗauki salon rubutun motocin haya suka mayar da shi samfurin haruffa mai suna Danfo, Google Fonts ya fitar da shi kyauta a 2024.

Matasanmu masu aikin zane a kwamfuta, ku zaga unguwar Didawure ta Sokode da kasuwar Dapaong ku ɗauki hotunan allunan nan kafin rana ta cinye su. Ku nemi masu fentin, ku biya su, ku sa sunayensu a aikin.