Yadda Za Mu Haɗa Karenmu da Karen Sabon Maƙwabci

Da yawa daga cikinmu akwai kare a gida, na gadi ko na farauta. To, idan sabon maƙwabci ya tare a unguwa da nasa karen fa? Sau da yawa faɗan karnuka yakan koma faɗan masu gida, wani lokaci ma yaro ne ke shan cizo.

Me ke jawo faɗan? Kare yana ɗaukar ƙofar gida da wurin kwanansa a matsayin mallakarsa. Shi ya sa muke ganinsa yana ɗaga ƙafa yana fitsari a jikin bango, wato alama yake sawa. Duk baƙon karen da ya taka wurin, a ganinsa rigima ya zo nema. Saboda haka kuskure ne a fara haɗa su a ƙofar gidan ɗayansu.

Ga yadda ya kamata a yi:

1. Iyayenmu su fara tattaunawa da maƙwabcin, su tabbatar an yi wa kowane kare allurar rigakafin ciwon haukan kare a asibitin dabbobi.

2. A zaɓi fili nesa da gidajen biyu. Kowane kare a ɗaure shi da igiya ko sarƙa, kuma babba ne zai riƙe shi. Wannan ba aikinmu ba ne mu yara.

3. A yi ta tafiya da su gefe da gefe, da tazara a tsakani, ana matsowa sannu a hankali.

4. Idan sun natsu, a bar su su sansani juna na ɗan lokaci, sannan a janye su. Da hanci kare ke gane ɗan'uwansa.

5. Idan aka ji gurnani, ko aka ga gashin baya ya miƙe, ko haƙora a waje, a raba su, sai wata rana.

6. Kada a ajiye abinci ko ƙashi a wurin, kuma kada a kawo karya mai shayar da 'yan kwikwiyo. Idan karnukan suna da yawa, a haɗa su ɗaya bayan ɗaya.

Idan faɗa ya ɓarke, kada mu kuskura mu sa hannu a tsakaninsu. Mu watsa musu ruwa, mu kira manya. Wanda kare ya ciza kuwa, a wanke ciwon da sabulu da ruwa mai yawa na tsawon minti 15, a garzaya da shi asibiti a ranar, ko da ciwon ƙarami ne. Ciwon haukan kare idan ya bayyana a jikin mutum, da wuya ƙwarai ya rayu. Don haka ne duniya ta ware ranar 28 ga Satumba ta kowace shekara domin wayar da kai a kansa.

Idan mun koma gida yau, mu tambayi iyayenmu: yaushe aka yi wa karenmu allura ta ƙarshe? Rigakafi dai ya fi magani.