Turbo Pascal: yadda ake tayar da tsohon tafinta cikin sabuwar na'ura

Ɗan kasuwa ko ma'aikacin da ya gaji purogaram na lissafin kaya ko na albashi tun zamanin disket ba ya sanin hatsarin da yake ciki sai ranar da aka canza kuɗin haraji, ya zamana dole a gyara lamba guda cikin purogaram ɗin. Rubutun asali yana nan, amma na'ura mai ƙwaƙwalwa ba ta jin harshen da aka rubuta shi da shi, sai an sami tafinta ya juya mata shi zuwa lambobin da take ganewa. In tafintan ya ɓace, an bar mutum da rumbu cike da hatsi, ba tsani.

Cikin irin waɗannan tafintoci, kaɗan ne suka yi sunan Turbo Pascal. Harshen Pascal kansa, wani malamin jami'a na birnin Zurik a ƙasar Suwis, Niklaus Wirth, ya fito da shi a 1970. Ya raɗa masa sunan Blaise Pascal, Bafaranshen da ya fara ƙera injin lissafi a 1642 domin sauƙaƙa wa mahaifinsa aikin haraji a Ruwan ta Faransa. A watan Nuwamba na 1983 kamfanin Borland na Amurka, ƙarƙashin wani Bafaranshe, Philippe Kahn, ya sa Turbo Pascal kasuwa kan kusan dolar Amurka 50, alhali makamantansa na cin ɗaruruwa. Anders Hejlsberg, mutumin Danmark, shi ya rubuta shi. Fitowa ta 7 ta zo a 1992, ta 5.5 kuwa kamfanin ya sake ta kyauta a 2002.

Matsalar farko ita ce an yi shi domin tsarin DOS, Windows mai bit 64 kuwa ba ta karɓar irin waɗannan purogaram. Saboda haka sai a fara girka DOSBox, wanda ya fito a 2002, aikinsa kwaikwayon tsohuwar na'ura cikin sabuwa. A buɗe dosiye mai gajeren suna, misali c:\dos, domin DOS ba ya ɗaukar sunan da ya wuce harafi 8. A kwashe abin da ke cikin disket ɗin duka a zuba ciki. Bayan an tayar da DOSBox a rubuta mount c c:\dos, sa'an nan c:, sa'an nan install. In girkawa ta ƙare, a shiga dosiyen da aka ajiye tafintan a rubuta turbo, shuɗin allonsa zai bayyana.

Abu uku ke tuntuɓe da mai farawa. Na ɗaya allon haruffa: namu na ƙasashe masu aiki da Faransanci ya fara da AZERTY, in DOSBox ya ɗauke shi na Amurka sai a taɓa A a ga Q. Umurnin keyb fr yana gyara wannan. Na biyu, haɗa maɓallan Ctrl da F9 shi ne umurnin gudanar da purogaram a Turbo Pascal, amma a DOSBox shi ne umurnin rufewa nan take, duk abin da ba a adana ba ya tafi. Gara a bi ta jerin Run da ke saman allo.

Na uku ya fi ban mamaki, watau kuskure mai lamba 200. Purogaram ɗin da aka juya da fitowa ta 7, in yana amfani da sashen CRT, yakan auna saurin na'ura tun daga tashi: ya ƙidaya zagaye nawa take yi cikin ɗan taƙi, ya raba da 55. Gurbin da aka tanada wa amsar ba ya ɗaukar fiye da 65 535. Da na'urori suka kai saurin megahaz 200, sai amsar ta fi gurbin, purogaram ya faɗi tun bai fara aiki ba. Gudun na'ura ne ya kayar da shi. A DOSBox maganin na kusa: a rage saurin da Ctrl da F11, ko a tsayar da shi cikin takardar saiti, a layin cycles.

Wanda ke son fita daga DOS baki ɗaya yana da wata hanya, Free Pascal, tafinta na kyauta da Florian Klämpfl ya soma a 1993. Yana karanta yawancin rubutun Turbo Pascal, ya juya shi domin Windows ko Linux.

Dukan hanyoyin biyu sun dogara ga rubutun asali, wanda sunansa ke ƙarewa da PAS. Disket kuwa ba ya shiri da zafi da ƙurar hunturu. Duk ofishi ko kantin da ke da irinsa cikin durowa, ya kamata ya kwafe shi wuri biyu tun yana karantuwa.