Ko Kun Sani?

Gurnanin nan da ke tashi daga jitar mawaƙin Nijar Mdou Moctar, wanda ya naɗi kundinsa na farko a Sakkwato a 2008, wani ɗan akwati ne da ake takawa da ƙafa yake haifar da shi. Asalinsa kuwa lalacewar na'ura ce. Ana cikin naɗar waƙa a Nashville ta Amurka sai na'urar ta samu matsala, amon jita ya dushe, masu sauraro kuma suka so shi haka. Injiniya Glenn Snoddy ya harhaɗa abin da zai maimaita wannan amo, kamfanin Gibson ya fara sayar da shi a 1962. Taransista uku ne a cikinsa, irin waɗanda mai gyaran rediyo a kasuwar Jega ya saba gani.