Ƙoda Ba Ta Manta Sukari

Idan likita ya ce kana da ciwon sukari, kada ka jira sai ciwon ya kwantar da kai kafin ka fara shan magani. Ƙoda tana riƙe abin da ya same ta.

A cikin kowace ƙoda akwai ƙananan matatai kusan miliyan ɗaya masu tace jini. Ƙwayoyin halittar da suka gina su suna ɗauke da umarnin da ka gada daga iyaye, kamar littafi. Sukari mai yawa ba ya canja rubutun littafin, alama yake sa masa: ya manne wasu shafuka masu kare ƙoda, ya bar na kumburi da tabo a buɗe. Ko sukarin ya sauka, wasu alamun sukan daɗe.

An bi lafiyar masu ciwon sukari 1,441 a Amurka da Kanada, a wani bincike da ya ƙare a 1993. Waɗanda aka tsare sukarinsu sosai tun farko, shekaru bayan haka ciwon ƙoda bai kama su kamar sauran ba, ko da yake awon sukarinsu duka ya dawo kusan ɗaya.

Wanda ya makara ma kada ya fid da rai. Saukar da sukari da hawan jini yau yana rage saurin lalacewar. Ƙoda ba ta ciwo da fari, saboda haka ka kawo fitsari a auna kowace shekara. In ka ga kumfa a fitsari, ko ƙafa ta kumbura, kada ka bari sai ranar kasuwa. Ka rage gishiri da magi, ka guji ƙwayoyin ciwon jiki na masu talla, irin su diclofenac.