MARUBUTA A MAƘWABTANMU: SAURA ALƘALAMIN DABAI

Duk wanda ya tsaya a bakin titi a Dabai, kusa da garin Zuru cikin Jihar Kebbi, zai ga motoci suna rabuwa gida biyu. Wasu su bi hanyar Mahuta zuwa Koko, daga can su miƙe arewa su faɗa Jega. Wasu kuwa su ratsa Zuru su yi kudu ta Rijau zuwa Kwantagora, mai sauran tafiya ya zarce Tegina da Kagara. Mu mutanen wannan ƙasa mun san hanyoyin nan da fataucin dawa da dabbobi, da kuma tafiyar 'ya'yanmu zuwa makarantu da barikokin soja. Abin da ba kasafai muke tunawa ba shi ne, a garuruwan da hanyoyin nan biyu ke kaiwa aka haifi wasu daga cikin manyan marubutan Hausa na zamani, waɗanda muka karanta littattafansu a aji, muka kuma saurari waƙoƙinsu a rediyo.

In ka tambayi ɗan makaranta inda aka haifi mawallafin Ruwan Bagaja, da wuya bai ce maka Kano ko Zariya ba, domin a zatonsa marubuci sai babban birni. Wannan zato ne muke so mu gyara a wannan mako, ta hanyar duba rayuwa da ayyukan wasu maƙwabtanmu, sa'an nan mu waiwayo gida mu tambayi kanmu.

'YAN KAGARA BIYU

A cikin shekarar 1933 Hukumar Fassara da ke Zariya, ƙarƙashin wani Bature mai suna Rupert East, ta shirya gasar rubuta ƙagaggun labarai da Hausar boko. Littattafai biyar ne suka fito daga wannan yunƙuri: Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Ganɗoki na Bello Kagara, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, sai Jiki Magayi wanda John Tafida na Wusasa ya rubuta tare da shi East ɗin. Mai karatu ya lura da sunayen garuruwan da ke rataye da waɗannan mutane: Kagara, Gwarzo, Tafawa Ɓalewa, Wusasa. Babu babban birni ko ɗaya a ciki. Daɗin daɗawa, biyu daga cikin littattafan biyar daga gida ɗaya suka fito, domin Malam Bello wan Abubakar Imam ne.

An haifi Abubakar Imam a Kagara cikin 1911. Ya shiga Kwalejin Horon Malamai ta Katsina a 1927, bayan ya gama ya zama malami a Midil ta Katsina. Yana da shekara 22 ya rubuta Ruwan Bagaja, labarin Alhaji Imam da abokin wasansa Malam Zurƙe, wanda har yau ba a daina dariyarsa ba. Ganin ƙwazonsa ya sa aka ɗauko shi zuwa Zariya cikin 1936, inda ya zauna ya rubuta Magana Jari Ce, littafi uku. Da yawa daga cikin labaran da akun nan ke bayarwa an samo tushensu daga littattafan Larabawa da na Indiya da na Turawa, amma Imam ya sa musu riga da hula, ya ba su sunayen gida da karin maganar gida, har mai karatu ba ya jin ƙanshin baƙunci a jikinsu. A watan Janairu na 1939 aka fara buga jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo, shi ne editanta na Hausa na farko, ya yi wajen shekara 12 yana wannan aiki. Cikin 1943 ya je Ingila tare da wasu 'yan jarida na Afirka ta Yamma, abin da ya gano kuwa shi ya zuba a littafinsa Tafiya Mabuɗin Ilmi. Ya rasu a Zariya cikin 1981.

Shi kuwa Malam Bello Kagara, wanda ya zama Walin Katsina, littafinsa ya fi shafar mu kai tsaye. Ganɗoki jarumi ne na Kwantagora a zamanin Sarkin Sudan Ibrahim Nagwamatse, labarin ya taso ne daga yaƙin da aka yi da Turawa, waɗanda suka ci Kwantagora cikin 1901, lokacin Malam Bello yana ɗan yaro. Littafi ne mai kirari da ƙarar takobi, wanda yara ke so. To amma ɗan Dabai in ya kai nan, dole ya ɗan dakata. Mayaƙan Kwantagora na wancan zamani su ne waɗanda hare-harensu na kamun bayi suka addabi Kambari da Dukkawa da Lelna, wato Dakarkari, har mutane suka riƙa fakewa a kan duwatsu. Ba mu ga laifin Malam Bello ba, ya rubuta labarin ne kamar yadda ake ba da shi a inda ya tashi. Labarin waɗanda suke bisa dutse suna hangen ƙurar dawaki, shi ne har yanzu yake bakin tsofaffinmu, yana jiran mai alƙalami.

FASIHIN JEGA

In muka juya ta hanyar Koko kuma, sai mu iske Alhaji Aƙilu Aliyu, wanda masana da yawa ke lissafa shi cikin sahun gaba na marubuta waƙoƙin Hausa a ƙarni na 20. An haife shi a Jega cikin 1918. Karatun allo ya yi, shi ya kai shi Kano tun yana saurayi, daga nan ya wuce Barno neman ƙarin ilmi, ya yi sama da shekara ashirin a Maiduguri kafin ya komo Kano da zama. A zamanin siyasar farko yana cikin 'yan jam'iyyar NEPU ta Malam Aminu Kano, ya kuma yi mata waƙoƙi.

Ya kamata mu bambanta wa matasa irin waƙar da Aƙilu ya yi da ta makaɗa. Rubutacciyar waƙa ba ta da kalangu ko kotso. Ana tsara ta baiti baiti, kowane baiti da adadin layukansa, ko biyu ko biyar, da ma'aunin da zai sa ta hau murya, da amsa-amon da ke ɗaure ƙarshen baitoci tun daga farko har ƙarshe. Sai an rubuta, an auna, an gyara, sa'an nan a rera. Aƙilu ya ƙware a duka biyun, wato tsarawa da rerawa, ga shi da tarin kalmomin da sai mai karatu ya nemi dattijo ya warware masa wasu.

Jigoginsa na rayuwar yau da kullum ne. A Hausa Mai Ban Haushi ya yi wa masu raina harshensu na gado faɗa, waɗanda ke ganin sai an yi Turanci ake zama wayayye. A Kadaura Babbar Inuwa ya yi kira ga neman ilmi. A 'Yar Gagara ya yi gargaɗi a kan karuwanci. Lokacin yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970 kuma ya yi wa sojoji waƙar da ya sa wa suna Jiki Magayi, suna ɗaya da littafin John Tafida ko da yake ba abin da ya haɗa labarinsu. Wannan waƙa tana da nauyi na musamman a ƙasar Zuru, inda gidaje da dama suka ba da 'ya'yansu ga aikin soja tun zamanin Turawa, wasu suka dawo, wasu ba su dawo ba.

Cikin 1977 kamfanin NNPC na Zariya ya buga wasu daga cikin waƙoƙinsa a littafin Fasaha Aƙiliya, wanda Ɗalhatu Muhammad ya tsara. Shi Ɗalhatun a kan fasahar Aƙilu ya yi digirinsa na uku a Jami'ar Landan. Mutumin da ya taso da allo, sai ga shi yana aiki da Cibiyar Nazarin Harsunan Nijeriya ta Jami'ar Bayero, har jami'ar ta ba shi digirin girmamawa. Ya rasu cikin 1999.

ABIN DA YA HAƊA SU

In muka jera waɗannan mutane za mu ga abubuwa uku. Na farko, kowannensu yana da aikin da yake ci da shi, ko koyarwa ko aikin jarida ko alƙalanci, bai zauna jiran littafi ya cika masa rumbu ba. Na biyu, kunnensu a buɗe yake ga maganar mutane a kasuwa da zaure da tashar mota, daga nan suka ɗebo Hausar da ta sa ayyukansu suka daɗe. Na uku, ba su kaɗai suka yi ba. Imam ya sami hukumar da ta buga masa, Aƙilu ya sami mai tattara masa waƙoƙi, ya kuma shugabanci ƙungiyar marubuta ta Hausa Fasaha, kamar yadda Mudi Sipikin ya shugabanci ƙungiyar Hikima a Kano, inda ake karanta wa juna waƙa ana gyarawa kafin a kai gidan rediyo.

Wanda kuma zai ce ai shi bai yi zurfi a boko ba, ko wadda za ta ce rubutu na maza ne, sai su dubi Balaraba Ramat Yakubu ta Kano. An cire ta daga makaranta aka yi mata aure tana ƙaramar yarinya, daga baya ta koma ajin yaƙi da jahilci. Littafinta Alhaki Kwikwiyo na 1990 ya kai har an fassara shi da Turanci an buga a Indiya cikin 2012.

SAURA NAMU

Dabai ɗaya ce daga cikin masarautu biyar na ƙasar Zuru, tare da Danko da Fakai da Sakaba da Wasagu. Ba mu rasa fasihai ba. Wanda ya taɓa jin samarin golmo suna waƙa a gonar surukai, ko ya halarci bikin Uhola bayan kaka, ko ya saurari mata a bakin dutsen niƙa, ya san a nan ma akwai masu sarrafa harshe, masu habaici da yabo da zambo. Haka nan a majami'unmu, ƙungiyoyin mawaƙa da zumuntar mata suna ƙaga sababbin waƙoƙi kowace shekara da C'Lela da Hausa, a rera su a taro ɗaya ko biyu, sa'an nan a manta har da sunan wanda ya ƙaga.

An yi rubutu a kanmu, gaskiya ne. Wani jami'in mulkin mallaka, P. G. Harris, ya wallafa bayani a kan al'adun Dakarkari cikin 1938, sa'an nan cikin 1990 A. R. Augi da S. U. Lawal suka tsara littafi a kan tarihin mutanen masarautar Zuru. Ayyuka ne masu amfani, sai dai da Turanci suke, kuma bincike ne, ba waƙa ko labari ba. Hausawa na cewa waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi. Harshen C'Lela kuwa an riga an tsara masa haruffa, har da ƙamus, saboda haka ba mu da hanzarin cewa ba ya rubutuwa.

Lokaci ne ba ya jiranmu. Tsofaffin sojojin da suka ga yaƙin basasa da idonsu suna ƙarewa ɗaya bayan ɗaya. Hare-haren 'yan bindiga da suka tsananta a yankunan Danko da Wasagu da Sakaba cikin 2021 da 2022 sun tayar da ƙauyuka da dama, in ƙauye ya watse kuwa, waƙoƙinsa da tatsuniyoyinsa su ma watsewa suke yi, domin babu dandalin da za a koya wa na baya.

Shawararmu mai sauƙi ce. Duk ɗalibi ko malami ko ma'aikacin da ke da wayar hannu, ya zauna da kakansa ko kakarsa ya ɗauki muryarsu, da izininsu. Ya sami littafin rubutu ya kwafe abin da ya ɗauka da harshen da aka faɗe shi, ya sa fassarar Hausa a gefe, ya rubuta sunan mai waƙar da garinsa da ranar da aka ɗauka da kuma lokacin da ake yin irin wannan waƙa. Abin da dattawa suka ce sirri ne, a bar musu abinsu. Masu sha'awar ƙaga nasu kuma su haɗu ko sau ɗaya a wata, a aji ko a ƙarƙashin itace, Kirista da Musulmi da mai bin al'adar gargajiya, su karanta wa juna, su jure wa gyara. Shugabannin makarantu da na ƙungiyoyin ci gaban gari suna iya sa 'yar gasa da kyauta komai ƙanƙantarta, tun da mun ga abin da gasa guda ta 1933 ta haifar.

Kagara ta ba da nata, Jega ta ba da nata, Kwantagora ma ta ba da Salihu Kwantagora mai littafin waƙoƙin nan Kimiyya da Fasaha. Muna fata wata rana ɗan makaranta a Kano ko Maraɗi zai buɗe littafi ya ga sunan marubuci da Dabai a ƙarshensa. Allah ya nuna mana, amin.