Raunin Laka: Sa'o'in Farko Bayan Haɗari

Idan haɗari ya auku a kan hanya, jama'a kan ruga domin ceto. Wani ya kama hannun wanda ya ji rauni, wani ya kama ƙafa, a zaunar da shi, a ba shi ruwa, sannan a lanƙwasa shi a bayan mota ko a ɗora shi bisa babur zuwa asibiti. Niyyar kuwa ta alheri ce. Sai dai idan ƙashin wuya ko na baya ya karye, irin wannan taimako na iya zama garin neman gira a rasa ido, domin mutumin da yatsun ƙafarsa ke motsi a wurin haɗari yana iya isa asibiti ƙafafun sun shanye.

Mece ce laka?

Laka wata igiya ce mai taushi wadda ta taso daga gindin ƙwaƙwalwa ta gangaro ta cikin ƙashin baya. Tsawonta a jikin babban mutum kimanin santimita 45 ne, kaurinta kuwa bai wuce na ƙaramin yatsa ba. Jijiyoyi 31 ne ke fita daga kowane gefe nata, suna kai umarnin ƙwaƙwalwa ga gaɓoɓi, suna kuma mayar mata da labarin zafi da sanyi da taɓi. Ƙasusuwa 33 ne suka jeru suka yi mata rufi: 7 a wuya, 12 a bayan ƙirji, 5 a kwankwaso, sauran 9 kuma sun manne a ƙasa.

Inda raunin ya faɗa shi ke nuna girman asara. Idan a bayan ƙirji ne ko kwankwaso, ƙafafu ne ke shanyewa, tare da rasa ikon riƙe fitsari da bayan gida. Idan a wuya ne, hannuwa ma sukan shiga ciki. Daga ƙashin wuya na 3 zuwa na 5 kuwa jijiyoyin da ke motsa tantanin numfashi suke fitowa, saboda haka rauni a nan kan iya tsayar da numfashi.

Rauni hawa biyu ne

Ɓarnar farko ita ce wadda ke faruwa a lokacin bugu, yayin da karyayyen ƙashi ya matse laka ko ya ƙuje ta. Wannan ta riga ta wuce. Ɓarna ta biyu kuwa a hankali take zuwa, cikin sa'o'i da kwanaki: laka ta kumbura a cikin rami mai ƙunci, jini ya kasa isa gare ta, ƙwayoyin da suka tsira da farko su mutu saboda rashin iskar oksijin. Tunda laka ba ta sake tofowa kamar yadda fata ko ƙashi ke yi, duk ƙoƙarin sa'o'in farko na hana wannan ɓarna ta biyu ne.

Aikin wanda ya fara isowa

A yi zaton raunin laka ga duk wanda ya yi haɗarin mota ko babur, ko ya faɗo daga bishiya ko gini, ko ya faɗa rijiya, ko kaya mai nauyi ya murɗe masa wuya, musamman idan yana kukan ciwon wuya ko baya, ko sanyin gaɓoɓi, ko jin kamar tafiyar kiyashi a hannu da ƙafa. Wanda ya suma ma haka za a ɗauke shi.

A bar shi kwance yadda aka same shi, sai fa in akwai wuta ko ruwa ko wata barazana. Mutum ɗaya ya durƙusa ta wajen kansa, ya riƙe kan da tafukansa biyu don kada ya juya. Kada a ba shi ruwa ko abinci, kada kuma a cire masa hular kwano sai in ta toshe numfashi. A kira Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, ta lambarta 122. Idan ɗaukarsa ta zama dole, mutum huɗu su mirgina shi gaba ɗaya tamkar gungumen itace, kai da kafaɗa da ƙugu a layi ɗaya, a ɗora shi bisa ƙyaure ko faffaɗan katako. Masu ɗori na da wurinsu a al'ada, amma ja ko murza karyayyen ƙashin baya na iya ƙarasa lakar.

Abin da likita ke yi

A asibiti, numfashi ake fara dubawa, a ba da oksijin ko a haɗa majinyaci da na'urar numfashi. Sai matsin jini. Raunin da ke sama da ƙashin ƙirji na 6 kan saki jijiyoyin jini, matsin ya faɗi, bugun zuciya ya yi sanyi. Don haka ake yin ƙarin ruwa da ba da magungunan ɗaga matsin jini na tsawon kwanaki 3 zuwa 7, domin laka ta ƙoshi da jini. Daga nan a gwada ƙarfin gaɓoɓi da jin taɓi, a ɗauki hoto da na'urar CT ko MRI, a sa robar fitsari.

Ilimi kan canza. A 1990 wani bincike a Amurka ya sa likitoci suka rungumi ba da maganin methylprednisolone mai yawa cikin sa'o'i 8 na farko. A 2013 ƙungiyoyin likitocin tiyatar ƙwaƙwalwa na ƙasar suka ba da shawarar a daina, saboda illarsa, irin su kamuwa da cututtuka da zubar jini a ciki, ta fi amfaninsa bayyana. Yanzu hankali ya koma ga tiyatar ɗage ƙashin da ya danne laka, cikin sa'o'i 24 idan da hali.

Ba ƙarshen rayuwa ba ne

Wata takardar likitancin Masar ta dā, ta wajen shekara 1600 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), ta lissafa wannan rauni cikin waɗanda ba a yi musu magani. Har zuwa Yaƙin Duniya na Ɗaya, akasarin sojojin da suka same shi cikin makonni suke rasuwa, galibi saboda gyambon kwanciya da cutar mafitsara. Likita Ludwig Guttmann ne ya juya lamarin a asibitin Stoke Mandeville na Ingila daga 1944, ta hanyar juya majinyaci kowane sa'o'i 2 da tsabtace hanyar fitsari. Wasannin da ya shirya wa majinyatansa a 1948 su ne tushen gasar naƙasassu ta duniya da aka fara a Rum a 1960.

Darasin Guttmann ba ya bukatar na'ura mai tsada, haka ma riƙe kan wanda ya faɗi. Malamin kimiyya zai iya koya wa ajinsa wannan mirginawa cikin darasi ɗaya, da benci da ɗalibai biyar.