Yadda Ake Rage Ƙarar Salansar Babur

Matashi ya cire salansar da babur ya zo da ita, ya ɗaura ta kasuwa, sai unguwa ta kasa barci. Me ya jawo? Salansar kamfani tana da ɗakuna a ciki, inda hayaƙi ke zagayawa ƙarfinsa ya karye kafin ya fito. Ta kasuwa kuwa sau da yawa bututu ne miƙaƙƙe mai huji-huji, an naɗe shi da audugar gilashi.

Gyaran ba wuya. A fara duba inda salansa ta haɗu da inji; baƙin tabon hayaƙi a wurin alama ce ta yoyo, sai a sake gasket. Idan audugar ta ƙone, a kwance a naɗa sabuwa, kada a danne ta da yawa. Sannan a zura ƙaramin bututun rage ƙara a bakin salansa, a ɗaure da ƙusa. Bayan haka makaniki ya sake saita kafireto, don numfashin inji ya canza.

Ƙarar da ta wuce desibel 85, idan aka daɗe ana jin ta, tana lalata kunne, kuma jin da ya tafi ba ya dawowa. Mahayin ne farkon wanda zai cutu, sannan jariri da majinyacin maƙwabta.